Jirgin da ya nufi Kano ya sauka Muritaniya

 Hirarmu ta yau a kan matuƙan jirgin sama take, da abin da suke yi in na'urar nuna hanya ta ruɗe su.

Wanda ya taɓa ratsa Azawak ya san yadda ake gane hanya. Akwai rijiya, akwai tudu, akwai sawun raƙuma. Sama babu ko ɗaya, balle da dare. Matuƙi da na'ura yake tafiya. Babbarta ita ce kamfas, wadda masu faransanci ke kira busol, irin allurar nan da wasu ke neman alƙibla da ita. An raba kewayen sama kashi 360, kowane kashi ana ce masa digiri. Allurar ba ta nuna arewa daidai wa daida, takan ɗan karkace, kuma karkacewar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Don haka a wasu jiragen da, akwai lambar gyara da ake sa wa na'urar da hannu.

A watan Mayu na 1952, wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Tarabulus ta Libiya da dare, za shi Kano. Mutum 18 ke ciki, fasinja 10 da ma'aikata 8. Hanyarsa kudu ce, ya ratsa hamada, ya bi ta samaniyar Nijar, ya sauka Kano.

Jirgin yana da sabon kamfas mai aiki da lantarki. Lambar gyaran da ta kamata a sa masa a daren nan 6 ce. Amma lambobin da ke jikin na'urar na gomomi ne: inda anka rubuta 6, ana nufin 60. Mai lissafin hanya ya ga 6, ya murɗa ya tsaya a kanta. Ya sa 60 ke nan bai sani ba. Ku da kunka koyi gidan ɗaiɗai da gidan gomomi, kun san 6 da 60 ba ɗaya ba ne, ko a kuɗin albasa.

Sai jirgi ya karkata yamma, na'ura kuwa tana nuna hanya daidai take.

To, a nan maganar take. Cikin jirgin akwai ƙaramin kamfas na da, wanda ba ruwansa da lantarki. Tun tafiya ba ta yi nisa ba anka lura cewa shi da sabon ba su faɗin magana ɗaya. Shaidu biyu sun saɓa. Maimakon a binciko wane ne mai gaskiya, sai anka yanke cewa tsohon ne ya lalace. A ganina wannan kuskure ya fi na farko muni. Kowa na iya karanta lamba ba daidai ba. Amma tsohon kamfas ya yi gargaɗi, anka ƙi sauraronsa.

Sai bayan sa'o'i da yawa sunka gane sun ɓace, lokacin kuwa man da ya rage ba ya kai su Kano. Da safiyar 26 ga Mayu mai ya ƙare, matuƙi ya saukar da jirgi bisa rairayi kudu da garin Atar, cikin ƙasar Muritaniya, fiye da kilomita 2,000 daga Kano. Duka sun fita da rai. Mutanen dajin wurin sunka taimake su da raƙuma. Amma mataimakin matuƙi bai kai gida ba, ya rasu bayan ƴan kwanaki cikin zafin hamada.

Yau jirage sun canza ƙwarai. Kwamfuta ce ke riƙe da hanya, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, abin da ake kira GPS, irin wanda ke cikin wayar hannu. Manyan jirage da yawa suna da wasu na'urori har uku da ke lissafin tafiya da kansu. In ɗaya ta saɓa wa biyu, an san wadda za a tuhuma. Duk da haka ruɗu bai ƙare ba. Tun 2023 matuƙa masu bi ta Gabas ta Tsakiya suke ba da labarin saƙon ƙarya da ake aikawa daga ƙasa, wanda ke sa GPS ya ce jirgi yana wani wuri alhali ba can yake ba.

Me ake koya musu su yi? Da farko a riƙe jirgi ya tafi sosai, kada a shagala da danne-danne. Sannan a gwada abin da kwamfuta ta faɗa da wasu shaidu, kamar tashoshin rediyo na ƙasa masu nuna hanya. In ta tabbata GPS ne ke ƙarya, a cire shi daga lissafi, a kira masu kula da zirga-zirgar jirage, irin ma'aikatan ASECNA da ke Yamai, a nemi su taimaka da hanya. Lambobin hanya kuwa, tun kafin a tashi, matuƙi ɗaya ya sa, na biyu ya karanta ya tabbatar. Ƙaramin kamfas ɗin nan na da, har gobe yana nan gaban matuƙa, wajen gilashin gaba.

Ga aikin aji na wannan mako. Ku rubuta 6 da 60 a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowace lamba a gidanta. Ku ɗebe ƙaramar daga babbar, ku faɗa wa malaminku digiri nawa jirgin nan ya kauce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.