Ganuwa, Fada da Gonakin Kan Dutse: Abin da Mai Ziyara Zai Koya a Ƙasar Filifin

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan yawon buɗe ido, wato ziyarar wuraren tarihi. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan mai neman na tuwo da yawon kallon tsofaffin gine-gine? Ina roƙon irin wannan ɗan uwa ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci. Zan kai ku ƙasar Filifin, a kudu maso gabashin Asiya, ƙasa mai tsibirai sama da 7,000, inda Allah Ya nufe ni da zuwa. Wurare uku za mu tsaya: ganuwa, da fada, da gonakin shinkafa da aka sassaƙa a jikin tsaunuka. Duka ukun gadon kakanni ne, duka ukun sun taɓa kai wa bakin halaka, amma hanyar da kowanne ya bi ya tsira ta bambanta. Wannan bambanci shi ne abin da nake so mu tafi da shi gida.

Zangonmu na farko yana cikin Manila, babban birnin ƙasar, a daidai inda kogin Pasig yake shiga teku. Kafin zuwan Turawa, wani sarki Musulmi mai suna Raja Sulaiman ne yake da iko a wurin, garinsa kuma kewaye yake da shingen gumagumai na itace. A 1570 sojojin ƙasar Sifen suka ci garin da yaƙi, wuta ta cinye shi. A 1571 jagoransu Legazpi ya mai da Manila hedkwatar mulkinsu. A kan kufan garin Sulaiman suka kafa sansanin soja, da farko na itace, sannan tsakanin 1590 da 1593 aka gina shi da dutse. Shi ne ake kira Fort Santiago. Daga nan aka ja ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 4 da rabi, ta kewaye unguwar masu mulki, wadda har yau sunanta Intramuros, ma'ana cikin ganuwa, kamar dai yadda Bakano yake cewa cikin badala.

A cikin wannan sansani aka tsare Jose Rizal, likitan ido kuma marubuci, wanda littattafansa suka tona asirin zaluncin mulkin mallaka. Daga nan aka fita da shi ranar 30 ga Disamba, 1896, aka harbe shi yana ɗan shekara 35. An kafa siffar sawayensa da ƙarfe a ƙasa, ta yadda mai ziyara zai bi takunsa daga ɗakin da aka tsare shi ya nufi ƙofa. Bayan mulkin Sifen ya ƙare a 1898, Amurka ta karɓi wurin, sannan Japan ta mamaye shi a Yaƙin Duniya na Biyu, ta mai da kurkukunsa na ƙarƙashin ƙasa wurin azabtar da mutane. A gumurzun da aka yi a Manila cikin watan Fabrairu, 1945, fararen hula kimanin 100,000 suka halaka, Intramuros kuwa ta koma kufai, cocin San Agustin ne kaɗai daga cikin manyan gine-ginenta ya saura a tsaye.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Sai a 1979 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman domin farfaɗo da Intramuros, wato bayan fiye da shekara 30 da rushewarta. Duk da wannan jinkiri, an samu an sake ɗora duwatsu a kan 'yan uwansu, an gyara ƙofofi, yau yaran makaranta suna hawa kan ganuwar suna sauraron tarihin ƙasarsu. Dutse yana da haƙuri. Idan ya faɗi, zai kwanta inda ya faɗi har ranar da kuɗi da magini suka zo.

Zango na biyu bai yi nisa da na farko ba, a bakin wannan kogi na Pasig yake. Ita ce fadar Malakanyang, gidan shugaban ƙasa. An gina ta a 1750 a matsayin gidan hutun wani attajiri, gwamnatin mulkin mallaka ta saye ta a 1825. Da girgizar ƙasa ta rushe fadar gwamna da ke cikin ganuwa a 1863, sai gwamnonin Sifen suka tare a cikinta, bayansu gwamnonin Amurka, sannan a 1935 Manuel Quezon ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shige ta a matsayin shugaba. Da yake wurin aikin gwamnati ne, mai ziyara sai ya nemi izini tun da wuri.

Labarin da ya fi fice game da wannan fada shi ne na watan Fabrairu, 1986, lokacin da jama'a suka cika titunan Manila har Shugaba Ferdinand Marcos ya gudu zuwa Hawaii, bayan shekara 20 yana mulki. Talakawa suka kutsa cikin fadar, duniya ta ji labarin takalman uwargidansa Imelda, ƙafa sama da dubu. A 2022 kuma sai ga ɗan wannan shugaba an zaɓe shi, ya dawo gidan da aka fitar da iyayensa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce duniya rawar 'yan mata ce. Amma abin da ya shafi maganarmu shi ne, a cikin duk wannan juyin zamani, fadar ba ta taɓa rasa mai gyara ta ba. Kowa ya hau mulki zai yi mata fenti, domin darajarsa a jikinta take. Mulki ne yake riƙe da fada, kamar yadda kuɗin hukuma yake riƙe da ganuwa.

Yanzu sai mu bar birni. Daga Manila mutum zai shiga motar dare, ya yi tafiyar awa 9 zuwa 10 ya nufi arewacin tsibirin Luzon, gari ya waye masa a Banaue, cikin lardin Ifugao. A nan, a tsayin kimanin mita 1,500 daga saman teku, mutanen Ifugao suka mai da jikin tsaunuka gonakin shinkafa hawa-hawa, kamar matakalar bene, kowane hawa da katangarsa ta dutse ko ta laka da take riƙe ƙasa da ruwa. A ƙauyen Batad, wanda ƙarshen hanyarsa sai da ƙafa, gonakin sun zagaye gidaje kamar kujerun filin wasa. Na taka bakin katangun nan, wanda faɗinsa bai wuce na tafin ƙafa biyu ba, gwiwoyina suna rawa, alhali tsofaffin mata suna wuce ni da kaya a ka. Gani ya kori ji.

An daɗe ana cewa gonakin sun kai shekara 2,000. Binciken masana kimiyyar tono da Stephen Acabado ya jagoranta ya nuna cewa noman shinkafar ruwa a wurin bai wuce kimanin shekara 400 ba, kuma ya bunƙasa ne a lokacin da mutane suka riƙa ƙaura zuwa kan tsaunuka domin kauce wa mulkin Sifen. Idan haka ne, to a zamanin da ake ɗora duwatsun ganuwar Manila domin mallake mutane, a zamanin ne waɗansu mutanen suke ɗora nasu duwatsun domin su ci da kansu.

Ga yadda gonakin suke aiki. A can ƙololuwar dutse akwai kurmi da iyalai suke gada, suna kiransa muyong. Shi ne yake shanye ruwan sama ya riƙa sakinsa a hankali. Daga nan magudanai suke kai ruwan gonar da ta fi bisa, in ta cika ta zuba wa ta ƙasa da ita, haka har gindin dutse. Dole gona ta zauna da ruwa ko bayan girbi, domin in ta bushe lakar takan tsage, ruwan farko ya shiga tsagar ya ture katanga, ƙasar ta zube kan gonar maƙwabci. Saboda haka wanda ya yi watsi da gonarsa ba kansa kaɗai ya cuta ba. Shinkafarsu ta gado, tinawon, sau ɗaya ake girbe ta a shekara, kuma da hannu, domin babu inda tarakta za ta taka. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka suna da tsarin taimakon juna da suke kira ubbu, wanda in kun gan shi za ku ce gayya ce.

A 1995 Hukumar UNESCO ta sa rukuni 5 na waɗannan gonaki a jerin kayan tarihi na duniya: Batad, Bangaan, Mayoyao, Hungduan da Nagacadan. Gonakin da suke kewaye da garin Banaue kansa, waɗanda hotonsu ya fi yawo, ba su shiga ba, saboda gine-ginen zamani sun cakuɗe da su. Shekara 6 kacal bayan wannan karramawa, a 2001, hukumar ta mai da gonakin cikin jerin wuraren da suke cikin haɗari, domin an yi watsi da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari nasu. Ba a jefa musu bom ba, girgizar ƙasa ba ta rushe su ba. Matasa ne suka yi karatu suka tafi birane neman aikin albashi, tun da shinkafar da gida yake nomawa sau da yawa ba ta kai shi ƙarshen shekara. An sare itatuwan kurmi ana sassaƙa kayan tsaraba domin baƙi, magudanai suka toshe. A wannan shekara ta 2001 kuma UNESCO ta karrama hudhud, waƙoƙin baka da akasari tsofaffin mata suke rerawa lokacin aikin gona da girbi, waɗanda su ma masu iya su suke ƙarewa.

Sai a 2012 aka cire gonakin daga jerin haɗari. Gwamnati ta ba da kuɗi, wannan gaskiya ne, amma kuɗi bai iya tsayawa cikin laka ya ɗora dutse. Manoma ne suka koma gayyar gyaran katangu da magudanai, ƙungiyoyin 'yan asalin lardin suka tashi tsaye, aka sa dattawa su koya wa yara fasahar ginin katanga da al'adun noma, aka nemo wa shinkafar gado kasuwa mai daraja. Ko a hakan ba a ce an gama ba, domin gona ba ta san takardar yabo ba, kowace damina sai ta nemi hannu.

Kada wani ya ɗauka sai an ƙetare teku za a ga irin wannan. A Sukur, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, a kan tsaunukan Mandara, akwai gonaki hawa-hawa, da hanyoyi da aka shimfiɗe da dutse, da fadar sarkinsu, Hidi, a bisa tudu. Hatsi suke nomawa ba shinkafa ba, amma hikimar ɗaya ce. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wancan jeri na UNESCO, a 1999, kuma ya sha harin 'yan Boko Haram a 2014. Mu nawa ne a wannan zaure muka taɓa jin sunansa, balle mu kai 'ya'yanmu?

Ga wanda Allah Ya hore masa irin wannan ziyara, nesa ko kusa, ina da shawara uku. Ta farko, ya karanta tarihin wuri kafin ya je, domin wanda bai san Rizal ba ɗaki kawai zai gani. Ta biyu, ya ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen ƙauyen, ya kwana a masaukinsu, ya sayi amfanin gonarsu, domin yawancin kuɗin baƙi a hannun masu otal da masu motoci yake tsayawa, manomin da ake zuwa kallon aikinsa kuwa ya tashi a tutar babu. Ta uku, a duk inda ya tsaya ya tambayi kansa: wa yake riƙe da wannan wuri, kuma in ya mutu wa zai karɓa?

'Yan uwa, wannan tambaya ta ƙarshe ba ta mutanen Ifugao kaɗai ba ce. Yawancinmu da muke zaune a nan irin waɗancan matasa ne, mun yi karatu mun tafi birni, kuma babu laifi a neman halali. Sai dai abin da muka baro iri biyu ne. Akwai wanda zai jira mu, kamar gini, in mun tara kuɗi mu aika a gyara. Akwai kuma wanda ba ya jira: gonar gado da zaizaya take ci, da irin shuka da kaka take ajiyewa a tulu, da sana'ar da saura tsoho ɗaya ya iya ta, da gayyar da ta zama labari. Irin wannan, in ya tafi, babu hukumar da za a kafa bayan shekara 30 ta dawo da shi. Kafin taron baɗi, kowannenmu ya je gida ya duba wanne ne a cikin gadonsa ba ya jira, ya fara da shi.