Daga Ciniki Zuwa Rajista: Tsawon Lokacin Sayen Gida a Dokar Nijeriya



Gabatarwa

Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa gajeriya ce, watau: idan mutum ya ga gida yana so, kuma kuɗinsa na hannu, kwana nawa zai ɗauka kafin gidan ya zama nasa? Idan aka tambayi dillali zai ce yini guda ya isa. A sallama da hantsi, a biya da azahar, kafin magariba mabuɗi yana aljihun mai saye. Idan kuwa aka tambayi lauya sai ya ce watanni, wani lokaci ma har shekara ta zagayo. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, domin kowa da abin da yake aunawa. Dillali ciniki yake aunawa, lauya kuwa mallaka, kuma a dokar Nijeriya akwai tazara tsakanin waɗannan abubuwa biyu. A cikin wannan tazara ne dukiyar mutane da yawa take salwanta. Za a dubi al'amarin ta fuskar gidajen cikin birane a jihohin Arewa, musamman Kano.

Asalin tazarar

A al'adar Hausawa cinikin gida bai cika ɗaukar lokaci ba, saboda an san juna. Mai unguwa ya san wanda ya gina gida da wanda ya gaje shi, maƙwabta sun san inda katanga ta tsaya. Idan aka daidaita a kan farashi sai a tara shaidu, a biya, a ba dillali la'adarsa, a rubuta takarda mai unguwa ya sa hannu, a yi fatiha a watse. Ƙwaƙwalwar mutanen unguwa ita ce ofishin rajista.

Zuwan Turawa ya kawo wani tsari a kan wannan. A 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta yi shelar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna, aka sake fasalinta a 1916. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar mallakar ƙasa bisa wannan turba, ta mai da ikon hannun Minista. Sa'an nan a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta shimfiɗa tsari mai kama da na Arewa a kan Nijeriya baki ɗaya. An cusa wannan doka cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a na 1999, saboda haka gyaranta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Sashe na 1 na dokar ya danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamnanta. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani, kuma takardar shaidar da ake bayarwa ta gidan zama yawanci ta shekara 99 ce. Sashe na 22 ya hana mai wannan izini ya sayar ko ya jinginar da shi sai da amincewar Gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Abin lura a nan shi ne, dokar ta wajabta neman amincewar, amma ba ta yanka wa Gwamna wa'adin da zai ba da amsa ba.

Matakin farko: bincike

Kafin a biya ko kwabo, akwai abubuwan da ya wajaba mai saye ya tabbatar. Na farko, wane ne mai gidan a takarda? Lauya yakan rubuta wa ofishin rajistar ƙasa na jiha, ya biya kuɗin bincike, ya duba fayil ɗin filin: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan a banki ko ba a yi ba, ana bin sa bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ko kuma hukuma ta taɓa soke izinin. Na biyu, a kai ma'aikacin safiyo ya gwada filin, a ga ko abin da ke ƙasa ya dace da taswirar da ke cikin fayil, kada a sayi gidan da rabinsa ya hau hanya. Na uku, a bincika ko akwai shari'a a kan gidan a gaban kotu. Na huɗu, a shiga unguwa a tambayi mai unguwa da maƙwabta, domin akwai labarin da fayil ba ya ɗauke da shi.

Wannan aiki kwanaki yake ci, ko 'yan makonni idan fayil ya yi wuyar samu. Amma shi ne matakin da masu saye suka fi tsallakewa, musamman idan dillali ya ce akwai wani mai so da zai zo gobe da kuɗi a hannu. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fita.

Gidan gado

Bincike ya fi tsawo idan gidan na gado ne, kuma gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni irin na cikin birnin Kano da Zariya da Katsina na gado ne. A shari'ar Musulunci ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba. Idan ya bar mata da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Idan akwai marayu ƙanana, rabonsu yana hannun mai kula da su, kuma ba a sayar da shi sai da dalilin da shari'a ta yarda da shi. Saboda haka sa hannun babban wa shi kaɗai bai wadatar ba. Mai saye yana bukatar ya ga takardar rabon gado daga kotu, ya kuma sami yardar kowane magaji, har da 'ya mace da ke aure a wani gari da ɗa namiji da ke ci-rani.

Daɗin daɗawa akwai hakkin shuf'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe rabon. Malaman Malikiyya sun ba wanda yake gari, kuma ya san da cinikin, kimanin shekara guda kafin hakkinsa ya faɗi. Wanda ba ya gari kuwa hakkinsa yana nan har ya dawo. A shari'ar Alkamawa da Bello, a 1998, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan hakki na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya da shi. Ke nan wanda ya sayi rabon magaji ɗaya a gidan da ba a raba ba, zai iya kwana shekara cur bai san ko gidan zai zauna a hannunsa ba.

Mataki na biyu: yarjejeniya da biya

Idan bincike ya yi kyau sai a rubuta yarjejeniya, a ba da kafin alƙalami, a sa ranar cika kuɗi. Daga nan lauya ya shirya takardar miƙa mallaka, mai sayarwa da mai saye su sa hannu a gaban shaidu, a karɓi ainihin takardun gidan da mabuɗi. Wannan mataki a hannun mutane biyun yake, za su iya gama shi cikin mako guda. A nan ne yawancin masu saye suke tsayawa, suna zaton an gama.

Mataki na uku: amincewar Gwamna da rajista

Abin da ya rage shi ne a shigar da takardar neman amincewa a ma'aikatar ƙasa. Ma'aikata za su je su ga gidan, su ƙiyasta darajarsa, domin a kan ƙiyasinsu ake lissafa kuɗin da za a biya. Za a nemi shaidar biyan haraji, a biya bashin kuɗin ƙasa idan akwai. Fayil zai bi teburori har ya kai ga Gwamna, ko Kwamishinan da ya wakilta, domin sashe na 45 ya yarda da wakilci. Bayan sa hannu sai a biya harajin hatimi, a buga wa takardar, sa'an nan a shigar da ita cikin littafin rajista a ba ta lamba. Sai a wannan rana ce hukuma ta san sabon mai gida.

Kotun Ƙoli ta yi hukunci biyu da suka fayyace nauyin wannan mataki. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, ta ce ko wanda ya mallaki gidansa tun kafin 1978 sai ya nemi amincewar Gwamna, ta kuma rushe jinginar da aka yi ba tare da ita ba. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, a 1995, ta sassauta, ta ce babu laifi a ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin amincewar ta fito, sai dai cinikin bai cika ba har sai ta fito. Watau mai saye yana iya shiga gida ya zauna, alhali mallakarsa tana rataye.

To, kwana nawa ke nan? Rahoton Bankin Duniya kan sauƙin kasuwanci na 2020, wanda shi ne na ƙarshe kafin a daina fitar da shi a 2021, ya lissafa matakai 11 da kwana 47 a Kano, da kuɗin da ya kai kashi 11.8 cikin 100 na darajar ginin. A Legas matakai 12 ne da kwana 105. A wannan fanni Nijeriya ta zo ta 183 cikin ƙasashe 190, alhali a Ruwanda kwana 7 aka lissafa. Amma wajibi ne a san abin da rahoton ya auna: ciniki tsakanin kamfanoni biyu, a kan ginin da tuni yake da rajista, babu jingina, babu rigima. Gidan da ba shi da takardar shaida tun asali, sai an fara nema masa ita, kuma wannan wata doguwar tafiya ce dabam. Irin waɗannan gidaje su ne mafi yawa. Kwamitin gyaran tsarin ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya nuna cewa abin da aka yi wa rajista na ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Abin da jinkiri yake jawowa

Tsawon lokaci da yawan kuɗi su ne suke sa mutane su haƙura da rajista, su adana takardar ciniki a ƙasan akwati. Illar wannan ba ta bayyana sai ranar bukata. Alal misali, mai sayarwa ya rasu kafin a shigar da takardun neman amincewa. Sunansa ne a fayil, sai mai saye ya koma bin magada ɗaya bayan ɗaya yana roƙon sa hannu. Ko kuwa maras tsoron Allah ya sayar wa mutum biyu gida ɗaya, na biyun da bai san da cinikin farko ba ya riga kai takardarsa rajista, sai na farko ya sami kansa a baya. Ko hukuma ta karɓi wurin domin aikin jama'a bisa sashe na 28, a zo biyan diyya a tarar da sunan wani. Haka kuma banki ba ya karɓar jinginar gidan da mallakarsa ba ta cika ba. Ma'aikacin gwamnati da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, idan ya tashi neman rance daga asusun, takardun gidan za a fara tambayarsa.

An yi ƙoƙarin gyara. Abuja ta kafa AGIS a 2003 domin mai da fayilolin ƙasa cikin kwamfuta, Kaduna ta yi dokar KADGIS a 2015, Kano ma tana da KANGIS. Wannan ya rage ɓatan fayil, ya sauƙaƙa bincike. Amma ƙudurin da gwamnatin 'Yar'aduwa ta kai majalisa a 2009 domin taƙaita sharaɗin amincewar Gwamna bai zama doka ba, sashe na 22 yana nan yadda yake.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa lokacin sayen gida kashi biyu ne. Akwai lokacin bincike, wanda kowace rana a cikinsa kariya ce ga mai saye. Akwai kuma lokacin jiran sa hannu, wanda kowace rana a cikinsa haɗari ce gare shi. Abin takaici shi ne an juya al'amarin: mai saye yana gaggawa inda ya kamata ya natsu, ofis kuma yana nawa inda ya kamata ya hanzarta.

Ga ɗalibai, waɗanda gobe za su sayi gida ko su raba gado, shawara ita ce kada a cika kuɗi sai an ga fayil, kuma a sa mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman amincewa a zaman da ya karɓi kuɗinsa, a shigar da ita cikin makon. A kuma ware kuɗin rajista tun ranar da ake lissafin kuɗin gida. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, tun da doka ba ta yanka wa'adi ba, wa'adin yana hannun wanda fayil yake kan teburinsa. Babu abin da ya hana kowace ma'aikatar ƙasa ta ƙayyade wa kowane tebur kwanakinsa, ta liƙa jadawalin kuɗi a bakin ƙofa inda kowa zai gani, Gwamna kuma ya wakilta Kwamishina kamar yadda doka ta ba shi dama. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a cikin durowa, sau da yawa kuɗin sallamar wani ne na aikin shekara 35, ko gadon marayu, yake jiran alƙalami.