Mai Saye Ba Ya Manta Alheri

Jawabin wannan wata a kan kamfanoni ne da masu sayen kayansu. Idan kamfani ya fifita lafiyar jama'a a kan riba, yaya masu saye suke saka masa?

Ga abin da ya faru a ƙasar Amurka. A shekarar 1982 mutum 7 suka mutu a yankin birnin Shikago. Sun sha wani maganin ciwon kai mai suna Tylenol. Ashe wani mugu ne ya zuba guba a cikin wasu kwalaben. Tsoro ya kama mutane, suka daina saye.

Kamfanin Johnson & Johnson, mai yin maganin, bai ɓoye labari ba. Ya sa aka yi shela cewa kowa ya dakata da shan maganin. Ya kwashe kwalabe wajen miliyan 31 daga kantuna. Asararsa ta kai dala miliyan 100. Cikin wata biyu ya sake fito da maganin a kwalba mai liƙi uku, wadda idan an buɗe ta kowa zai gane.

Masu saye sun ga ya zaɓi ransu a kan kuɗinsa. Suka dawo. Kafin shekara ta zagayo, cinikin ya kusa komawa yadda yake a da.

Masu saye kuma sun iya horo. A shekarar 1977 wasu mutane a Amurka suka ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé. Sun ce yana tallar madarar jarirai a ƙasashen da ruwa mai tsabta ke da wuya, har iyaye mata na barin ba da nono. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallar irin wannan madara. A 1984 kamfanin ya yarda zai bi su.

To jama'a, kuɗin mai saye muryarsa ce. Mai sayen magani ya duba liƙin kwalba, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewarsa. Ya riƙe mai gaskiya, ya guji mai ha'inci. 'Yan kasuwa kuma su tuna, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.