Sanin Dangin Magani Kafin a Ɗauki Sirinji



An nemi in yi magana a kan rabe-raben magunguna da yadda ake ba da su ba tare da an cutar da mara lafiya ba. Yawancinmu mun fara gamuwa da wannan darasi ne a matsayin hadda: a haddace jerin sunaye, a juye a takardar jarrabawa, a wuce wurin. To amma dangin da magani ya fito shi ne yake gaya wa nas abin da za ta zuba wa ido bayan allura ta shiga jiki. Likita ya rubuta ya yi gaba, mai haɗa magani ya miƙo ta taga, hannun da zai danna sirinjin kuwa naku ne. Daga wannan hannu sai jijiyar mara lafiya, babu wani mai dubawa a tsakani.

Ana raba magunguna ta fuskoki da dama. Akwai rabo bisa aikin da suke yi: na hawan jini, na raɗaɗi, na tsuke mahaifa. Akwai rabo bisa doka: wanda kowa zai saya a kemis, wanda sai da takardar likita, da wanda ake kullewa a kabad a rubuta shigarsa da fitarsa a rajista, irin su mofin da fetidin. Mu da muka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ba ma buƙatar dogon bayani a kan dalilin wannan makulli.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaro wani rabo na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tsarin da ake kira AWaRe. Rukuni na farko shi ne waɗanda ya kamata a fara da su, kamar amoksisilin. Na biyu waɗanda ake taka-tsantsan da su saboda ƙwayoyin cuta suna saurin bijire musu. Na uku ajiyar ƙarshe ce, irin su kolistin. Seftiriyakzon, wanda a wasu asibitocinmu ake ɗura wa duk wanda ya shigo da zazzaɓi, yana rukuni na biyu. Kuma tun da na ambace shi: kada a haɗa shi da ƙarin ruwa mai kalsiyam, irin ruwan Ringer, musamman ga jariri sabon haihuwa, domin suna daskarewa su toshe huhu da ƙoda.

Rabon da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na magunguna masu haɗarin gaske, waɗanda kuskure kaɗan a cikinsu kan zama ajali: insulin, hefarin, fotasiyam kuloraid mai kauri, dangin mofin, magnisiyam salfet. Ku biyo ni ɗakin haihuwa, domin a can aka tara da yawansu a kan tire guda.

An kawo yarinya mai cikin fari da ƙarfe biyun dare, tana jijjiga, harshe a taune, ƙafafu a kumbure. Maganinta magnisiyam salfet ne, wannan ba gardama. Binciken Magpie da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A tsarin Pritchard da muka fi amfani da shi, ana fara ba da giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan giram 5 duk bayan awa 4. Ga inda ake tuntuɓe: kwalbar da ke hannunki mai ƙarfin kashi 50 ce, wadda ake so ta jijiya kuwa kashi 20. Sai kin ja mililita 8, kin ƙara ruwan allura mililita 12, sannan ya zama abin da za a tura. Wadda ta tura shi da kaurinsa, da sauri, ta sa zuciyar yarinyar a haɗari.

Kafin kowace allura ta gaba akwai abubuwa uku da ake dubawa, kuma wanda ya san yadda maganin yake aiki ba sai an haddace masa su ba. Magnisiyam yana sanyaya saƙo tsakanin jijiya da tsoka, don haka idan ya yi yawa, abin da zai fara ɓacewa shi ne zaburar gwiwa idan an ƙwanƙwasa ta; daga nan numfashi ya ragu; daga nan zuciya. Ƙoda ce take fitar da shi, cutar kuma da ma ƙoda take taɓawa. Saboda haka a ƙwanƙwasa gwiwa, a ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, a auna fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa. Idan ɗaya ya saɓa, a dakata. Makarinsa kalsiyam gulukonet ne, giram 1 ta jijiya a hankali. Ina tambayar metron-metron da ke zaune a gaba: a daren jiya, yana kan tire ko yana sito, makulli a aljihun wanda ya tashi aiki tun la'asar?

Yarinyar ta haihu, sai jini ya ɓalle. Oksitosin da egometirin duka masu tsuke mahaifa ne, a shafi ɗaya littafi ya jera su. Amma uwa ɗaya ba ta sa hali ya zama ɗaya. Egometirin yana matse hanyoyin jini, don haka ga mai hawan jini irin wannan yarinya haramun ne. Oksitosin kuma ba ya jure zafi. Ana son a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi watan Afrilu a kan taga a Sakkwato ko Maiduguri yana iya rasa ƙarfinsa, a yi allura a yi ta jira, mahaifa ta ƙi tsukewa.

Sai tiranekzamik asid. Binciken WOMAN na 2017, wanda matan Najeriya da yawa suka shiga, ya nuna idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku. Alheri ne babba, ya shigo ɗakunan tiyata. Sai dai kwalbarsa tana kama da ta bufibaken, maganin kashe jiki da ake yi a ƙashin baya. An yi ta samun waɗanda suka ɗauki wannan a zaton wancan, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022. Idan ya shiga ƙashin baya, farfaɗiya ce mai tsanani, sau da yawa kuma mutuwa. Ku tuna yanayin da ake aikin: an ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, ɗaya tana riƙe da fitilar waya, rubutun jikin kwalba ƙanana ƙwarai. A nan ne karanta suna da ƙarfi, abokiyar aiki ta maimaita, yake da amfani fiye da kowace takardar shaida.

Kun san ƙa'idoji biyar na ba da magani: mara lafiyar da ya dace, maganin da ya dace, adadi, hanya, lokaci. Na farkon ya fi wuya a wurinmu fiye da yadda littattafan waje suka ɗauka. A ɗaki ɗaya za ka samu A'isha Muhammad uku. Ka kira suna, baiwar Allah ta ce «na'am» don ladabi ko da ba nata ba ne. Ka tambayi uwa sunan yaronta, ta sunkuyar da kai, ɗan fari ne, alkunya ta hana ta faɗa. Ranar haihuwa kuwa da yawa ba a rubuta ba. Don haka kada a ce «Ke ce A'isha?» A ce «Baiwar Allah, yaya sunanki, daga wace unguwa?» sannan a gwada da lambar kati. Ga yaro, a tambayi kaka ko mai rakiya. Kuma a ɗora shi a sikeli. Atesunet na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma ga yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne. Ido ba ya auna wannan.

Saura abin da ake yi bayan an yi kuskure. A Disambar 2017, a wani babban asibiti a Nashville ta Amurka, wata nas ta je ɗauko Versed, maganin kwantar da hankali, daga kabad mai aiki da kwamfuta. Ta buga harufa biyu na farko, na'urar ta fito mata da wani magani mai shanye tsoka wanda shi ma da su yake farawa. Ta yi wa wata mara lafiya allurar, matar ta daina numfashi, ta rasu. Nas ɗin da kanta ta faɗi abin da ya faru, amma a 2022 kotu ta same ta da laifi, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara uku. Ba ina wanke ta ba ne. Akwai gargaɗi a murfin kwalbar, ba ta karanta ba. Abin da ya tayar da hankalin ma'aikatan jinya shi ne, idan faɗar gaskiya tana kai mutum gaban alƙali, gobe wa zai faɗa? Mu a nan ko kotu ba a kai ba, tsawar metron a gaban 'yan dubiya ta isa ta sa ɗaliba ta haɗiye kuskurenta, mara lafiya kuma ya rasa makarin da zai cece shi.

Roƙona ga shugabannin asibitoci da ke wurin nan bai kai kuɗin fentin ofis ba. A kwashe fotasiyam kuloraid mai kauri daga ɗakunan kwanciya, a mayar da shi wurin masu haɗa magani. A raba wa tiranekzamik asid da bufibaken mazauni. A sa wa ɗakin haihuwa firji mai aiki da hasken rana, ɗakin yara kuma sikeli. A ajiye littafin da nas za ta rubuta kuskure, ko wanda aka kusa yi, ba tare da an nemi sunanta ba, a riƙa karanta shi a taron wata-wata.