Alamomin Rai da Sirrin Ƙwayar Hatsi



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai rayawa mai kashewa, da salati ga Manzonsa, mas'alar da aka umurce ni in yi bayani a kanta ita ce alamar da ake rarrabe mai rai da maras rai da ita. Haƙiƙanin ruhu dai sirri ne wanda Ubangiji ya keɓe wa kansa, amma ayyukan rai, waɗanda ido ke shaidawa hankali kuma ke aunawa, fage ne da aka buɗe wa ɗan Adam ya yi nazari.

Magabata ba su yi sakaci da wannan babi ba, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya bayyana cewa tsiro yana da ƙarfin ciyar da kansa da girma da hayayyafa, dabba ta ƙara da ji da motsi, mutum kuwa aka fifita shi da hankali. Masanan zamani suka haɗa da numfashi da fitar da ƙazanta, alamomin suka cika bakwai. Bayan Robert Hooke ya hangi ƙananan ɗakuna cikin ɓawon itace da madubin ƙara girma a Ingila a 1665, sai Schleiden da Schwann na Jamus suka tabbatar, wajen 1839, cewa jikin tsiro da na dabba duka da ƙwayoyin halitta aka gina su.

To, a nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, su zaci motsi shi ne hujjar rai. Ku dubi ƙwayar gero a rumbu, wadda ba ta motsi, ba ta girma, har mai kallo ya ɗauke ta tamkar tsakuwa. Alhali kuwa, dare da rana, tana shaƙar iskar oksijin, tana ƙona kaɗan daga abincin da aka taskace mata, tana fitar da gurɓatacciyar iska da danshi da zafi. Muddin ta bushe sarai, numfashin nan yakan yi ƙasa ƙwarai, har ta daɗe da ranta. Shaida kuwa ita ce ƙwallon dabinon da aka tono a kangon Masada, gefen Tekun Gishiri, wanda ya tsiro a 2005 bayan kusan shekara 2000. Amma idan aka zuba hatsi da laima, numfashinsa ya ƙaru, fumfuna da ƙwari suka shiga nasu numfashin, sai tarin ya ɗau zafi ya ruɓe. Bisa wannan ƙa'ida ta numfashi ce buhunan nan masu ninki uku, da ake adana wake a Nijar da Najeriya, suke kashe ƙwari ba tare da magani ba, domin duk ƙwaron da aka toshe wa iska ajalinsa ya zo.

Saboda haka, ya ku malaman makaranta, kada ku wadatu da sa yara haddar alamomi bakwai a allo. Ku ba su wake su jiƙa, su lura da saiwa tana neman ƙasa, toho yana neman haske, su rubuta abin da suka gani da idonsu. Ku kuma isar wa manoma cewa irin shuka amana ce mai rai, wajibi ne a busar da shi sosai kafin a kai rumbu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.