Furanni a Gidajenmu na Birni: Me ke Kashe Su?



An nemi in yi magana a kan shuka furanni a gida, abin da wasu ke ɗauka aikin marasa aikin yi ne. To amma duk wanda ya zaga gidajen 'yan garinmu a Kano ko Kaduna ko Abuja zai ga abu guda. An kashe dukiya an gina gida, an malale tsakar gida da siminti, an bar 'yar siririyar ƙasa a gindin katanga, a cikinta kuwa ga busassun furannin da aka sayo da tsada a bakin titi. Maigida ya ɗora wa yara laifin rashin ban-ruwa. Galibi kuwa ba ƙishirwa ce ta kashe su ba.

Babbar matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Wannan wuri na gindin katanga shi ne inda magina suka zubar da ɓaraguzan bulo da ragowar kwaɓin siminti, aka rufe da jar ƙasa. Siminti yana sauya ɗabi'ar ƙasa, ya hana saiwa jan sinadarin ƙarfe. Shi ya sa za ku ga ganyen iksora, wato furen nan mai jajayen curi da ake jerawa a bakin hanyar shiga gida, ya koma ruwan ɗorawa alhali jijiyoyinsa suna nan kore. Komai yawan ruwan da aka zuba masa ba zai warke ba. Maganin shi ne a haƙe wurin har zurfin gwiwa, a kwashe tarkacen, a cike da haɗin ƙasar gona kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Na ce ruɓaɓɓe da gangan. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kashin shanun da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ne. Iyayenmu manoma sun san wannan, mu ne muka manta da shi da muka shigo birni.

Sai ruwa. Furen da ke cikin tukunya ko bokiti ya fi mutuwa da yawan ruwa, musamman a watan Agusta, domin saiwa ma tana numfashi. A huda gindin mazubin, kuma kafin a ƙara ruwa a soka yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a bari sai gobe. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da amfani, amma ban da ruwan wanki mai garin sabulu.

Akwai kuma batun zaɓe, wanda a ganina nan ne muka fi yin asarar kuɗi. Mutum ya je Jos ya ga wardi ya yi shar, ya ciko bayan mota da shi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, tana da sanyinta. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40, wardin ba zai kai labari ba sai da inuwar yamma da wahala mai yawa. Alhali ga boganbiliya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take amma ta zama 'yar gida: rana take so, kuma sai an ɗan rage mata ruwa take yin fure. Wanda ya cika ta da ruwa da takin zamani, ganye kawai zai samu. Ga kariya, tamu ta gargajiya, mai fitar da fure a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, sai dai ruwan jikinta guba ne, a dasa ta nesa da wurin wasan yara. Ga kuma lalle, wanda muke ganin na ƙunshi ne kawai, alhali yana yin shinge mai kyau, furensa kuma yana cika gida da ƙamshi da maraice.

Dashe ya fi kamawa idan damina ta kankama, wajen watan Yuni. Wanda ya dasa da bazara ya shirya jigilar ruwa safe da yamma. Da hunturu a riƙa wanke ƙura daga ganye, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasa don ta riƙe danshi, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara.

Game da ƙwari, wanda ya fi damun mutane shi ne farin nan mai kama da auduga da ke manne wa ƙarƙashin ganye yana tsotse shi. In kun ga tururuwa na hawa da sauka a jikin fure, ku juya ganyen, yana nan. Ba sai an sayo maganin feshi mai ƙarfi an shigo da shi gidan da yara ke rarrafe ba. A daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi. A maimaita bayan mako guda, domin feshin farko ba ya kashe ƙwan.