Jawabin Sakatare Kan Hana Izinin Baje Fili da Cike Shi

 

Maganar yau ta fili ce. Da yawa daga cikinmu a nan Legas mun ɗauka sai za a ɗora bulo ake neman izini. Sai mutum ya biya omo onile, ya karɓi rasit, ya kira katafila da tifofin jar ƙasa. To, a wurin hukuma tona ƙasa da cike fadama duk aiki ne mai bukatar izini, kuma rasit ɗin omo onile ba takardar gwamnati ba ce. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha amana ne a hannun gwamna. A 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne, shi ya sa ƙa'idar da muka sani a Kano ba lallai ta yi aiki a Agege ba. A nan hukumar LASPPPA ce mai ba da izini.

Akwai hanin da ke kan gaskiya, kada mu ɓoye wa kanmu. In fili ya hau hanyar ruwa ko bakin kwalbati, in yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko kan bututun mai, ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta riƙe, za a hana, ko ɗan gari ne. Mu ma mun san in maƙwabci ya ɗaga filinsa, ruwan damina a ɗakin wani yake kwana.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a hana mutum don shi baƙo ne. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar fili a ko'ina cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Sau da yawa ma dillali ne ke cewa wai ba a ba Bahaushe, don a ƙara masa na goro.

Saboda haka ku kai takardunku ofis da kanku, da taswirar safiyo mai rajista. In an hana, ku nemi a rubuta muku dalili. Maganar baki ba ta zuwa gaban kwamitin ɗaukaka ƙara, ba ta zuwa kotu. Kada kuma a shigar da katafila da dare. Aikin da aka yi ba izini ana iya rufe shi, kuɗin ƙasa ya tafi a banza.

Wanda karatun Turanci ya yi masa nauyi, musamman iyayenmu mata masu filin gado, ya kawo takardarsa ranar Lahadi bayan la'asar, mu karanta tare.